Hayaƙin da Purvis Ya Gane

Ni na riga kowa ganin abin nan. Tun kafin masu kamfani su ɗura ƙwayar gawayi a buhu su manna mata hoton wuta, tun kafin yaran nan masu gemu su fara surutunta a talabijin kamar gadon kakanninsu ce, ni Ardell Mosely na riga na zuba gawayi a injin gashi a bayan gidana, da hannun nan nawa mai tabo. Ban yi boko ba. Aji uku na leƙa, auduga ta nuna, ubana ya zo ya ɗauke ni, ban sake komawa ba. Amma in dai maganar wuta da nama ce, duk faɗin Texas wanda ya isa ya koya mini yana ƙarƙashin ƙasa.

Kada ka ga ina jan tukunyar iskar numfashi a bayana kamar akuya ka raina ni. Rumfar gashi ta taɓa kamawa da wuta ina ciki, na fito da ƙafata, ɗauke da naman mutane. Kogin Brazos ya taɓa cika ya tafi da gidanmu na farko, ni da matata Ozella muka zauna a kan rufin coci har aka zo da kwalekwale. Likitocin Houston sun yanke mini rabin huhu, suka ce wa 'yata ta fara shiri. Wanda ya riƙe wuƙar ya riga ni. Duk masu gashin da muka taso tare ni na raka su makabarta ɗaya bayan ɗaya, na dawo na cire takalmi na ci abincina. Na ƙarshensu shi ne Purvis Tatum.

Purvis ya girme ni da 'yan shekaru. Shi na tarar a rumfar gashin da ke bayan mahautar garinmu ranar da aka kai ni kwasar toka, kuma a ranar ya raɗa mini Ɗan Toka, bai sake kirana da sunan da uwata ta ba ni ba. Ko ranar aurena, a cikin coci, sai da ya sunkuyo ya ce mini a kunne, Ɗan Toka, takalmin nan ya fi ƙarfinka. Ni kuma Dogon Banza nake ce masa. Mun fi shekara hamsin a kan ramin gashi ɗaya, bai taɓa ɗanɗana namana ya ce ya yi ba. Ko na yi gaggawa, ko gishiri ya yi yawa, ko wuta ta fi ƙarfi a hagu. Zai cinye tas, ya suɗe yatsu, ya goge a wando, sannan ya ce saura kaɗan.

Mu a wurinmu ba a ɗora nama a kan itace mai ci. Itacen ok, wani icce mai tauri na ƙasarmu, ake ƙonawa a cikin duro can gefe, har ya zube ya zama garwashi, sai ka ɗebo da shebur ka watsa a ƙarƙashin nama a ramin bulo. Ƙirjin saniya, gishiri da masoro, shi ke nan. Kitse ya narke ya ɗiga, garwashi ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Wannan hayaƙin ba ya fita daga jikin mutum. Ozella ba ta taɓa barina na shiga ɗaki da kayan aiki ba, a barandar baya nake tuɓewa ko da ana sanyin da ke daskarar da ruwan shan kare. Ranar Lahadi in yi wanka in sake, amma da na sa ƙafa a coci, na sahun gaba sun san na iso ba tare da sun waiwayo ba.

Bayan Ozella ta rasu, aka kuma taɓa mini huhu, sai 'yata Lorene ta zo daga Houston da wasu ƙarti biyu suka rushe ramin da na gina a bayan gida. Likita ne ya ce. Ban yi mata magana ba har ta koma. Da ta sake zuwa sai ga ta da inji a bayan mota.

Baƙin akwati ne mai ƙafa huɗu da igiyar lantarki. A gefensa akwai ɗan rumbu da ake cikawa da ƙwayoyin garin katako da aka matse, sak kashin zomo. Wani murɗaɗɗen ƙarfe ne ke juyawa a hankali yana tura su cikin ɗan kaskon wuta da bai fi gwangwanin madara ba, fanka tana hurawa daga ƙasa. Ka danna lamba, ka rufe, ka tafi abinka. Har gulma yake yi: duk zafin da ya kai, sai ya aika wa Lorene a wayarta tana can Houston.

Ta ce, "Baba, wannan ba ya bukatar kowa ya zauna masa."

Gaskiya ta faɗa. A da, in hayaƙi ya tashi a bayan gidana ranar Asabar, ba a gayyata. Mota ta tsaya a bakin shinge, wannan ya zo da burodi, wancan da albasa da jan lemo, wani da bakinsa kawai. Wuta tana son mai gadi, mai gadi yana son abokin hira, da haka bayan gida ke cika. Injin nan kuwa ɗan siririn hayaƙi yake fitarwa, kafin ya kai shinge ya ɓace. Motoci na wucewa ba mai rage gudu. Kujeru biyu suka rage mini a ƙarƙashin bishiya, ɗaya tawa, ɗaya ganye ke zama a kanta.

Naman yana laushi, ba zan yi wa inji ƙazafi ba. Amma bebe ne. Ka tauna, ka haɗiye, bai ce maka komai ba.

A lokacin an riga an kai Purvis gidan kula da tsofaffi da ke tsallaken kogi. Ido ya tafi, hankali kuma yana bin sahu. Duk Lahadi bayan coci nakan tada a-kori-kurata in je. Ranar da na fara zuwa na same shi a kujera mai taya kusa da taga, an lulluɓe masa gwiwa da bargo. Na tsaya a kansa na ce Dogon Banza, har yanzu ba ka mutu ba? Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, cikin ladabin da ban taɓa sanin yana da shi ba.

"Sannu, Yallaɓai. Wa kake nema?"

An taɓa dukana da shebur, an taɓa kirana da sunayen da ba zan maimaita ba, amma ba abin da ya taɓa shigata kamar wannan Yallaɓai. Na faɗi sunana. Ya ce madalla, ya ce in gaida gida.

Lahadin da ta biyo na gasa ƙirjin saniya a inji na kai masa. Mai kula da shi wata yarinya ce mai suna Marisol, mai haƙuri, ita ta yayyanka masa ƙanana. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya goge baki da tsumma. Purvis, da tsumma.

"Na gode, Yallaɓai. Ka gaida mai ɗakinka. Ta iya dahuwa."

Dahuwa. Naman Ardell Mosely.

Marisol ta biyo ni har ƙofa tana ba ni baki, wai kada in sa a raina, ko ɗansa ba ya ganewa. Ina tsaye ina sauraronta sai aka wuce da keken gahawa ta bakin ɗakin. Na ga Purvis ya ɗaga hanci, ya ce wa bango an ƙona gahawar nan. Ashe hancin na nan. Na sunkuyar da kai na shinshina rigata. Ƙamshin furanni. Sabulun da Lorene ke saye mini ne. To ta ina zai gane ni? Mutumin da ya sani ba ya ƙamshin furanni.

A hanyar dawowa na tsaya a kan gada na daɗe. Abu ɗaya nake so, kuma ba babba ba ne: kafin Purvis ya tafi ya kira ni Ɗan Toka. In ya tafi bai kira ba, babu sauran mai numfashi a duniyar nan da ya san ni lokacin da nake ɗaukar rabin saniya a kafaɗa. Sai dai tsoho mai jan tukunyar iska, mai yawan surutu.

Na ce abin da injin nan ya rasa garwashi ne. Itace yake ƙonawa ɗanye, mu kuwa ba mu taɓa nuna wa nama itace ba. Na sayo buhun gawayi, na shimfiɗa tsohon bargo a baranda, na sa guduma na farfasa shi daidai girman kashin zomon nan. Na tace da rariyar Ozella, na zuba a rumbun inji, na danna lamba. To ka ji, a wannan ranar aka fara zuba gawayi a injin gashi, kuma ni na zuba.

Ya yi ɗan aiki. Har na fara jin wani ƙauri da na sani. Sai murɗaɗɗen ƙarfen ya fara kuka kamar kyanwar da aka taka, ya yi ƙara ɗaya, ya tsaya cik.

Dwight Kubena, mai kantin abincin dabbobi inda nake sayen ƙwayar, shi ya zo ya kwance shi. Yana zaro baƙaƙen guntaye yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce shekarunsa na sayar da injin nan ya ga wanda ya bar ƙwaya ta jiƙe ta kumbura, ya ga wanda ɓera ya yi masa gida a ciki, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗura masa duwatsu ba. Na ce masa ba laifin gawayi ba ne, laifin wanda ya ƙera ƙarfen ne da bai yi tunanin mai hankali zai saya ba. Na ce ya rubuta ya ajiye, wata rana da hannunsa zai sayar da gawayin inji. Ya ce to, ranar zai yi mini waya.

Zafi ya wuce, aka cire auduga. Duk Lahadi ina zuwa, duk Lahadi ni Yallaɓai ne. Purvis ya bar kujera ya koma gado. Hannunsa da ke ɗaga shebur cike da garwashi shi kaɗai ya zama kamar karan dawa.

Sai wata safiya waya ta yi ƙara. Kubena ne.

"Ardell, zo ka gani. Haukanka ya shigo a buhu."

Ga su nan jere a bakin kanti, baƙaƙen ƙwayoyi masu santsi, gawayi ne aka niƙa aka matse daidai bakin ƙarfen. Na ce ya faɗa a gaban mutanen da ke wurin wa ya fara. Ya ce shi dai abin da ya gani da idonsa wani tsoho ne ya kashe inji da guduma. Haka mutane suke. Na ɗauki buhu biyu na bar shi da dariyarsa.

Na cika rumbu da baƙar ƙwaya zalla. Wuta ta yi kyau, zafi ya tsaya daram, nama ya yi baƙin ɓawo mai kyan gani. Hayaƙi kuwa kusan babu. Na san haka za a yi, gwada su nake. Gawayi itace ne da ya riga ya ba da hayaƙinsa, zafi kawai ya rage masa. Sai na gauraya, rabi baƙa rabi ta itacen ok. Wannan ya fi. Naman ya fara motsa baki kamar zai yi magana. Na kai wa Purvis, ya lasa kaɗan, ya ce Allah ya saka da alheri.

Na dawo na zauna a kujerata ina kallon injin, shi ma yana kallona. Can idona ya sauka a kan wani ɗan bokiti da ke rataye a gefensa, wanda nake juyewa a bayan shinge duk bayan gashi ba tare da na ko dube shi ba. Cike yake da kitse, ya daskare fari fat. Na tashi na buɗe murfi, na ɗaga ragar da ake ɗora nama. A ƙarƙashinta akwai faffaɗan farantin ƙarfe a karkace. Duk ɗigon da ya fito daga nama, farantin nan ne ke tare shi ya gangarar da shi waje cikin bokiti. Kitse da wuta ba sa taɓa haɗuwa. Ɓarawon yana cikin gida tun ranar farko, ni kuma nake zubar masa da kayan sata.

Wawa zai cire farantin. Ni na san abin da kitse ke yi in ya sami wuta da fanka, tabon yana hannuna. Na shiga kicin na ɗauko ƙaramin baƙin kaskon ƙarfe da Ozella ke gasa burodin masara a ciki. Tun da ta rasu yana rataye a ƙusarsa.

Ranar Asabar da asuba na zaɓi ɓangaren ƙirjin da ya fi kitse, na shafe shi da gishiri da masoro. Na cika rumbu da gaurayen ƙwaya. Kaskon Ozella kuma na zuba masa baƙar ƙwaya zalla, na kunna ta da 'yar wutar masu walda har ta yi ja ta lulluɓe da farar toka, garwashi sosai. Na ajiye shi a ragar ƙasa, na ɗora nama a ragar sama, daidai yadda gefe ɗaya kawai zai riƙa ɗiga a ciki. Na zaro tsohuwar rigar aikina daga ƙasan akwati na saka. Tukunyar iska ba ta shiri da wuta, don haka na cire robarta daga hancina na bar ta a ɗaki.

Sai da hantsi ya yi na ji ƙarar farko. Ɗigo ɗaya. Sai wani. Hayaƙi ya fara fitowa ta bakin murfi, mai kauri, mai nauyi, irin wanda ba ya sauri. Na ja kujerata na koma inda iska ke kai shi, na zauna a tsakiyarsa. Tari ya zo, na bar shi ya yi abinsa. In garwashin kasko ya yi sanyi in ƙara ƙwaya da babban cokali, in kitse ya taru zai kama in janye kaskon gefe. Sai ga ni ina tashi ina zama kamar da. Wutar nan tana bukatata.

Wayar aljihuna ta yi ƙara. Lorene.

"Baba, zafin injin nan sai hawa yake yana sauka. Me ka sa a ciki?"

"Nama."

"Baba."

"Nama da gishiri, Lorene. Ko shi ma likita ya hana?"

"Ina jin numfashinka. Ina tukunyarka?"

"Tana ɗaki tana hutawa. Ta gaji da ni."

Ta ce in ban koma ɗaki na sa robar nan ba yanzu, za ta kashe injin daga inda take, kuma na san tana iyawa. Na ce ta kashe, kaskon uwarta ba shi da igiya. Na ce mata naman na Kawunta Purvis ne. Na ji ta ja numfashi, irin yadda uwarta ke yi in tana neman abin da za ta ce mini wanda ba zai zama faɗa ba.

"Ba zai gane ka ba, Baba."

"To ki bar ni in ji daga bakinsa."

Ba ta kashe ba. Ta dai sa na yi mata alkawarin shiga ɗaki in sha iska lokaci lokaci, na kuma shiga, sau ɗaya ko biyu. Wajen tsakar rana wata mota ta rage gudu a bakin shinge. Ban san mai ita ba. Ya leƙo, ya ɗaga hanci, ya wuce.

Da yamma ta yi na soka yatsa a naman ya shige kamar a man shanu. Na naɗe shi a jar takardar mahauta, ban yi wanka ba, ban canja riga ba, na jefa tukunyar iska a kujerar gefe na kama hanyar gada.

Marisol ta tare ni a ƙofar ɗakin. Ta dubi takardar da maiƙo ya huda, ta ce Baba, ya daina haɗiye abu mai tauri, sai kunu da ruwa. Na ce na ji. Ta ce da gaske take, zai iya shaƙewa. Na ce 'yata, na rantse ba zan sa masa tsoka a baki ba. Aka kira ta a wani ɗaki, ta nuna ni da yatsa ta tafi.

Na zauna a bakin gado. Ya rame har bargon ya fi shi kauri. Ya ji motsina ya juyo.

"Sannu, Yallaɓ..."

Bai ƙarasa ba. Hancinsa ya motsa. Na buɗe takardar a kan cinyata, tururi ya tashi. Ya miƙo hannu yana lalube, ya wuce naman, ya kama hannun rigata. Ya ja ta zuwa fuskarsa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya daɗe a haka. Sai na ga goshinsa ya tattare, irin tattarewar da na sani.

"Wa ka bar wa ramin?"

Ya ƙara jan rigar.

"Da kai nake, Ɗan Toka. Ka taho nan kana zaune kamar mai gari, wa ke duba wuta?"

"Na kwantar da ita, Dogon Banza. Ba ta neman ka."

"Ƙarya kake. Tun kana kwasar toka ƙarya ce abincinka."

Na dangwala yatsa a maiƙon da ya taru a takarda, wurin da baƙin ɓawon ya narke, na shafa masa a leɓe. Ya lasa. Ya juya harshe a baki yana kallon rufi da idon da ba ya gani. Ya buɗe baki, na ƙara masa. Ya ce na yi gaggawa. Ya ce wuta ta fi ƙarfi a hagu, shekara nawa yana gaya mini. Na ce to Allah ya ba shi lafiya ya zo ya gyara. Ya sake lasa, ya goge yatsunsa da ba su taɓa komai ba a jikin bargo.

"Saura kaɗan."

Na ba shi labarin guduma da rariya, da dariyar Kubena, da baƙin buhun da ya zo daga baya. Ban san nawa ya shiga ba. Na ce ya shaida ni na riga kowa. Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari, ya ce duk haukan da aka taɓa yi a garin nan ni nake fara shi, wannan kam zai shaida ko a gaban alƙali.

Sai ya tambaya ko Asabar ce. Na ce Asabar ce. Ya tambaya ko Ozella ta kawo burodi, don mutane za su fara taruwa. Na ce tana hanya. Ya ce to in tashe shi in ta iso, kada in bari su cinye ƙarshen naman, na san shi ne nasa. Ya rufe ido yana riƙe da rigata.

Da Marisol ta dawo, motsin ƙofa ya farkar da shi. Ya saki hannun rigar, ya gyara murya.

"Na gode da ziyara, Yallaɓai."

Na gaya mata abin da ya faru, kalma da kalma. Ta ce haka ne, Baba, madalla, da irin muryar da suke yi wa masu ganin matattunsu a bakin taga. Ta buɗe tagar don ƙaurin ya fita. Na bar mata naman ta raba wa abokan aikinta.

Purvis bai kai sanyi ba. Ranar jana'iza ɗansa ya sayo soyayyun kaji daga kanti a cikin roba, aka ci aka watse. Na sa rigar aikin a ƙarƙashin kwat. Da na shiga coci babu wanda ya san na iso, na sahun gaban da suka san wannan ƙaurin duk suna waje a ƙarƙashin ciyawa. Wata yarinya da na zauna kusa da ita ta matsa gefe.

Lorene ta ce ta yarda da labarina, amma na san muryarta. Kubena har yau in na shiga kanti sai ya tambaye ni ina guduma. Shaidana ɗaya ne, ya ce zai tsaya mini a gaban alƙali, kuma na raka shi kamar yadda na raka sauran.

To kai da kake murmushi, kana cewa tsoho ya fara ruɗewa, ba sai mun yi musu ba. Gidan da ke ƙarshen titi ne kafin ka kai gada, mai shingen da ya karkace. Duk Asabar da asuba nake kunna kaskon. Ka zo ka zauna a ɗaya kujerar, zan kakkaɓe maka ganyen. Ka yini a inda iska ke kai hayaƙi, ka ci ƙarshen naman, yanzu ba mai shi. Sannan ka koma gida. In matarka ta bar ka ka shiga ɗaki da wannan rigar, ka dawo ka tsaya a bakin shingena ka kira ni maƙaryaci da ƙarfi, kowa ya ji. In ka isa, ka zo. Ka taho da burodi.